Takardar fili ta yi kyau, to ƙasar fa?

Duk wanda ya taɓa sayen fili a Katsina ya san yadda ake yi. Dillali ya ɗauke ka, ku fita ta hanyar Dutsin-ma ko ta Jibiya ko ta Daura, ku tsaya a wani shimfiɗaɗɗen wuri, ya miƙa hannu ya nuna maka iyaka. "Alhaji, wallahi nan da shekara biyu ba ka samun wurin nan a wannan kuɗin." Kai ma tambayoyinka sanannu ne. Awon gwamnati ne ko awon igiya? In gado ne, an raba? Mai unguwa ya sani? Hanya ba za ta ci shi ba? In amsoshin suka kwanta maka sai ka ba da kafin alƙalami, a shafa fatiha, a watse.

Ba wadda za a raina a cikin tambayoyin nan, don rigimar fili ta raba zumunci da yawa. Sai dai dukkansu a kan mutane suke: na wane ne, wa zai iya tasowa gobe ya ce nasa ne. Ita kanta ƙasar, wadda 'ya'yanka za su yi rarrafe a kanta, wadda za ka huda ka sha ruwan da ke ƙarƙashinta, da wuya ka ji wanda ya tambayi me aka taɓa yi a kanta. Alhali shaidar mallaka, ko da sa hannun gwamna ne a kai kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tsara, iyakarta ta ce kai ke da ikon amfani da wurin. Ba ta ce komai a kan lafiyarsa.

A garinmu maganar daga kududdufi take farawa. Katsina birni ne da aka gina da ƙasarsa. Ganuwa da hasumiyar Gobarau da gidajen kakanninmu duk daga ƙasa aka haƙo su, kuma duk inda aka ɗebi ƙasar gini rami ya rage. Ramin ya tara ruwan damina ya zama kududdufi, unguwa ta sa masa suna, yara suka koyi iyo a ciki, lambatun gidaje suka riƙa ƙarewa a cikinsa. Haka abin yake a Daura da sauran tsofaffin garuruwa. Da mutane suka yawaita sai bakin kududdufin ya zama juji, jujin ya riƙa cin ruwan sannu a hankali, har wata rana a wayi gari rabin ramin ya cike da shara. Da fili ya yi tsada sai wani mai dabara ya kawo tifa goma ta jar ƙasa, a baje, a daddaɓe, a yanka fuloti. Baƙo in ya zo da rani ba abin da zai gani sai fili mai kyau a tsakiyar gari, kusa da masallaci da kasuwa, kuma da ɗan sauƙin kuɗi.

Sharar da da ta yanzu ba ɗaya ba ce. Ta da toka ce da kashin dabbobi da ragowar kara, har manoma kan zo da jakuna su kwashe ta zuwa gona. Ta yanzu akwai leda, matattun batura, kwalaben maganin feshi, gwangwanayen fenti, allurai da auduga daga ƙananan shagunan magani, ɓaraguzan rediyo da wayoyi. In aka rufe wannan da ƙasa aka yi gini a kai, ba ya zama shiru. Abin da ke ruɓewa a ciki yana raguwa, ciko yana zaunawa ba daidai ba, shi ya sa za ka ga gidan da bai shekara biyar ba bangonsa ya tsage daga taga zuwa ƙasa, ƙofa ta daina rufuwa. Ruɓewar tana kuma fitar da iskar gas, irin wadda ke kama wuta, wadda ita kanta ba ta da wari, kuma in ta taru a rufaffen wuri kamar ramin sokawe ko ɗakin da ba ya shan iska har ta kai kashi 5 cikin 100 na iskar wurin, ƙyastun ashana ya isa. Na ukun shi ne wanda ba a gani sam: ruwan sama yana ratsa jujin, ya kwaso abin da ya narke, ya gangara da shi ƙasa. Ƙasarmu kuwa a wurare da yawa rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, wucewa yake yi.

Wani ɗan'uwana ya faɗa wannan tarkon shekarun baya. Sai da magina suka fara haƙa harsashi aka ga leda tana fitowa, baƙa ƙirin, ga wari. Aka ƙara zurfi, leda. Aka ƙara, leda. Wani dattijo da ke zaune a kan tabarma a ƙofar gidansa yana kallo, sai da aka gaishe shi ya ce, "Ai ɗana, nan ruwa ne. Muna yara nan muke kama kwaɗi." Shekara da shekaru yana zaune a wurin, ba wanda ya tambaye shi kafin a biya kuɗi.

Masana wannan fanni suna auna haɗari da abu uku, kuma sai sun haɗu ake cewa akwai matsala. Akwai gubar kanta, akwai hanyar da za ta bi, akwai wanda za ta tarar. In ɗaya ya faɗi, haɗarin ya ragu ƙwarai. Wannan ne ya sa ba a cewa fili kaza mai kyau ne ko mara kyau kai tsaye, sai an ji me za a yi da shi. Tsohon garejin makanikai in za a malale shi da kankare a yi shagunan sayar da siminti, da sauƙi. Shi dai wannan filin in gidan iyali za a yi, da tsakar gida ta ƙasa, da yara ƙanana, da zogale da rama a bayan ɗaki, da rijiya, to magana ta canza gaba ɗaya. Makarantar Islamiyya ko ta rainon yara ta fi kowane gini buƙatar a tsananta.

A cikin gubobin da ke zama a ƙasa, wadda ta fi ba ni tsoro ita ce dalma, kuma mu 'yan wannan yanki ba ma buƙatar a ba mu labarinta daga nesa. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa da ake kira MSF suka lura yara suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, maƙwabciyarmu. Da aka bincika sai aka gano dutsen zinariyar da ake kawowa cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa yana ɗauke da dalma mai yawa. Ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna, yara suka riƙa haɗiyarta da hannun da suke kaiwa baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Abin lura ga mai sayen fili shi ne yadda aka yi maganin abin: ba wani ruwan magani da aka fesa. Sai da aka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma da Abare da sauransu, daga baya Bagega a 2013, aka kankare saman ƙasa aka kwashe aka binne a nesa, aka kawo sabuwa aka zuba. Dalma ba ta ruɓewa, rana ba ta ƙone ta, shekaru ba sa rage ta. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Wani zai ce ai ba a dakan zinariya a Ƙofar Marusa. Gaskiya ne, amma dalma tana da wasu ƙofofin. Batirin mota da na babur da na sola da yawa cike suke da ita, kuma duk inda masu gyaran batir ko 'yan gwangwan suka daɗe suna fasa su, suna zubar da ruwan a ƙasa, suna narka ƙarfen, ƙasar wurin abar tuhuma ce. Haka inda ake ƙona wayoyin lantarki don a ciro jan ƙarfe, da inda aka daɗe ana fentin motoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Kaɗan ɗin da ba ya kwantar da yaro yana taɓa ƙwaƙwalwarsa, ya zo makaranta karatu ya ƙi shiga, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne.

Sai gidan mai. Tankunansa a binne suke, ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana tsatsa. In tanki ko bututu ya huje, mai yana tsiyaya shekara da shekaru ba wanda ya sani, ya sauka har ya iske ruwan ƙasa ya kwanta a samansa, ya bi shi duk inda ya gangara. Saboda haka ba filin gidan man kaɗai abin ya shafa ba, har maƙwabtan da ke gangarensa. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. In ka ji maƙwabta na cewa ruwan rijiyarsu yana warin kalanzir, ko ka ga wani maiƙo mai launi-launi a saman bokiti, ka ɗauki maganar da gaske. Tsohon wurin 'yan bumburutu da inda makanikai ke juye baƙin mai a ƙasa su ma suna cikin wannan layi, ko da yake nasu bai cika yin zurfin na tanki ba.

Marina da majema kuwa sai an bambance. Rinin gargajiya da baba da toka, da jimar da ake yi da bagaruwa, ba su ne abin tsoro sosai ba. Inda aka koma rinin kanti da sinadaran jima na zamani, musamman masu sinadarin kuromiyom, wanda wani nau'insa guba ne, nan ne ake tsayawa a duba. Haka tsohon siton taki da maganin ƙwari, da wurin da tsohuwar taransifoma ta daɗe tana zubar da mai. Rufin asbestos na tsofaffin gidajen gwamnati shi kuma ba ya cutarwa sosai in yana zaune lafiya, ranar rushe shi ne ake shaƙar ƙurarsa.

To ta yaya mutum zai sani? A ƙasashen da suka sha wuyar abin, binciken hawa biyu ne, kuma ba haka kawai suka fara ba. A garin Niagara Falls na jihar New York a Amurka, wani kamfanin sinadarai ya binne sharar guba kusan tan 21,000 a wani tsohon rami da ake kira Love Canal, ya rufe da ƙasa, a 1953 ya sayar wa hukumar makarantu wurin a kan dala ɗaya. Aka gina makaranta, gidaje suka kewaye ta. A 1978 sai da gwamnatin Jimmy Carter ta ayyana dokar ta-ɓaci aka kwashe ɗaruruwan iyalai. Kududdufi ne dai da aka cike aka yanka, irin namu, illa abin da ke cikinsa ya fi muni. Dokar da suka yi a 1980 ta sa mai fili na iya ɗaukar nauyin tsabtace shi ko da ba shi ya ɓata ba, daga nan masu saye da bankuna suka daina sa hannu sai an bincika.

Hawa na farko na binciken nasu ba a ɗibar ƙasa ko cokali ɗaya. Tarihin wurin ake bi: a duba tsofaffin takardu da hotuna, a taka filin, a tambayi mutane. Wannan kuwa ba abin da ya fi ƙarfin kowa a cikinsa, hasali ma mun fi su kayan aiki, don muna da dattawan unguwa. Ka je ba tare da dillali ba, don shi la'adarsa yake jira, kuma ba lalle ne ma ya san tarihin ba. Ka gaida mai unguwa, ka ce, "Ranka ya daɗe, wurin nan da can me ake yi a cikinsa?" Ka tambayi limamin masallacin kusa, da tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a layin, da mai haƙar rijiya na yankin, wanda ya san cikin ƙasar fiye da kowa. 'Yan ga-ruwa ma sun san rijiyar da mutane ke ƙin ruwanta. Kada ka ce "akwai matsala?", don ba mai son ya ɓata cinikin maƙwabcinsa. Ka ce su ba ka labarin unguwar, sauran zai fito da kansa.

Sannan ka sa yaron da ya iya kwamfuta ya buɗe maka Google Earth, manhajar da ke nuna hoton ƙasa daga sama, akwai inda ake komawa hotunan shekarun baya. Kududdufin da aka cike, ko layin motocin gareji, ko baƙin tabon juji, sau da yawa suna nan ɓaro-ɓaro a tsohon hoto. A ofisoshin filaye da na tsara birane na jiha kuma ana iya neman sanin me aka ware wurin dominsa tun asali, don wani filin da ake tallarsa a matsayin na gida, a taswira hanyar ruwa ce.

In da hali, ka ga fili sau biyu, da rani da kuma tsakiyar damina, wajen watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. A ranar za ka ga inda ruwa ke kwanciya, da inda yake fitowa kafin ya iso ka. In ta mayanka ko juji ko gareji yake biyowa, abin da ya kwaso a filinka zai sauke. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40, ta isa tunatarwa cewa ruwa yana komawa tsohuwar hanyarsa ko an yi gini a kai. Ka duba ƙasa da idonka: wurin da ciyawa ta ƙi fitowa alhali kewayensa kore ne, ƙasar da ta yi baƙi tana ɗaukar ido, fasassun baƙaƙen robobin batir, bututun da ya leƙo daga ƙasa ba dalili. Ka dubi katangun maƙwabta ko sun tsattsage. Daga nan ka nemi izinin mai fili, ka biya lebura ya haƙa rami biyu ko uku a wurare daban-daban, zurfin tsayin mutum. Ƙasar asali a jere take hawa-hawa, ciko kuwa a cakuɗe yake, da leda da tsumma da gutsattsarin bulo. Mai filin da ya hana ka haƙa rami a wurin da yake so ka biya miliyoyi, ya riga ya ba ka amsa.

Hawa na biyu, wato kai samfur ɗakin gwaji, ba kowane fili ne ke buƙatarsa ba. Gonar gero da aka yanka a bayan gari, wadda kowa ya shaida gona ce tun kaka da kakanni, ba sai an wahalar da kai ba. Amma in tarihi ya nuna alama, ko ginin babba ne, to a nemi masani daga sashen kimiyyar sinadarai ko na ƙasa a jami'a, ko hukumar kare muhalli ta jiha, ya zo ya ɗiba da kansa. A nan mutane kan ruɗe: gwajin ƙasa da injiniya ke yi kafin a ɗora bene, ƙarfin ƙasar yake aunawa, ko za ta ɗauki nauyi. Ba ya neman guba. Kuma ɗakin gwaji abin da aka ce ya nema shi yake nema, shi ya sa tarihin ke zuwa farko: tsohon wurin batir a nemi dalma, kusa da gidan mai a nemi sinadaran fetur. Samfur ɗaya daga kusurwa ɗaya ba ya wakiltar fili. Don yara, saman ƙasa ne ya fi muhimmanci, zurfin ɗan yatsa ɗaya zuwa biyu, don nan suke wasa.

Ruwa kuwa, ni a ganina, ko tarihin fili fes yake a gwada shi. Ruwan famfo daga madatsar Ajiwa bai kai ga unguwanni da yawa ba, kusan duk mai sabon gini burtsatse yake haƙawa. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya suka saba bayarwa ita ce a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai. Yanzu yi lissafi: fulotin ƙafa 50 a 100 kusan mita 15 a 30 ne kawai. Ke nan ko ka kai burtsatsenka wannan ƙarshe ka kai sokawe wancan ƙarshe, da kyar ka cika ƙa'idar, kuma masan maƙwabcinka na iya zama jingine da katangarka, taku biyar daga inda kake sha. Inda aka raba fulotin biyu kuwa ba a magana. Abin da ya rage shi ne a yi haƙar da kyau, a yi zurfi, a sa bututu mai kyau, a toshe kewayensa na sama da siminti don ruwan sama-sama kada ya bi jikinsa ya gangara. Masu haƙa da yawa suna tsallake wannan in mai gida ba ya wurin.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a bayyane yake: kada a sami ƙwayar cutar bayan gida ko ɗaya a mililita 100, dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita, naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita. Shi naitiret daga masai da taki yake zuwa, kuma jarirai ya fi yi wa illa, yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Ruwa na iya zama garai-garai, ba wari ba ɗanɗano, yana ɗauke da duka ukun. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire dalma ko naitiret, sai ma ta ƙara musu kauri tunda ruwan ne ke ƙonewa. Kafin ka saya, roƙi maƙwabci mafi kusa ya bari a ɗebi ruwan rijiyarsa a gwada, a kwalbar da ɗakin gwajin ya bayar, a kai da wuri cikin sanyi. In so samu ne a maimaita a ƙarshen damina.

Ta fuskar doka, kada mai ƙaramin fili ya sa rai wani zai yi masa wannan aikin. Nijeriya ta farka ne a 1988, lokacin da aka gano dubban gangunan sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu. Daga nan aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 1992 aka yi dokar auna tasirin manyan ayyuka ga muhalli, a 2007 aka kafa NESREA, hukumar da ke tabbatar da an bi dokokin muhalli. Amma dokar ta 1992 manyan ayyuka ta fi kallo, misali rukunin gidajen da ya kai hekta 50. Mai fuloti ɗaya shi ne mai binciken kansa. A fiƙihunmu na Malikiyya kuwa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Sai dai zuwa gaban alƙali bayan ka zuba harsashi, ka kuma tabbatar cewa mai filin ya sani ya yi shiru, aiki ne ja.

Mafi sauƙi shi ne a sa sharaɗi a takardar ciniki tun ranar kafin alƙalami, a gaban shaidu: an ba mai saye mako biyu ko uku ya haƙa ya gwada, in aka sami ciko ko guba a mayar masa da kuɗinsa. Samun matsala ma ba kullum yake nufin a fasa ba. In ɓacin na sama-sama ne, ana iya kankare ƙasar a kai inda hukuma ta amince, a zuba sabuwa, a malale tsakar gida, a cire kuɗin aikin daga farashi. In ciko ne mai zurfi, injiniya ne zai faɗi irin harsashin da zai ɗauka, kuma kuɗinsa kan cinye duk arahar da aka samu. Wanda ni ba zan ba kowa shawarar ya taɓa ba shi ne filin da man fetur ya riga ya shiga ruwan ƙarƙashinsa, don wannan gyaransa ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Shi ɗan'uwan nawa bai sa sharaɗin ba, kuma wanda ya sayar masa ya rantse shi ma haka ya saya. Ƙarshenta ya fasa gidan, ya zagaye wurin da katanga mara nauyi, ya ba masu sayar da katako haya. Iyalinsa har yanzu suna gidan haya a cikin gari, yana tara kuɗin wani filin.